Tudun-mun-tsira: yadda za ka shirya wa yaran unguwa wasan parkur a Damagaram

Yaran Damagaram ba sa jiran kowa ya koya musu hawa da tsalle. Duk wanda ya san Birni, tsohuwar unguwar garin, ya san yadda suke ɗare duwatsun nan, su diro, su sake ɗarewa. Tun da wayoyi suka cika hannun samari kuma, sai aka ƙara musu da bidiyon masu tsallake rufin gidaje a Turai. Abin da ba wanda ya zaunar da su ya koya musu shi ne sauka, kuma a wurin saukar ne ake samun targaɗe da karaya. Wannan jagora ta mushen lakwal ce, da shugaban fada, da duk wani babba a unguwa da zai iya tara yara 10 zuwa 15, masu shekara 7 zuwa 14, ya mayar musu da wannan ƙarfi wasa mai doka, wanda zai ba su zafin nama da iya riƙe jiki.

Parkur, wato wasan ƙetare duk abin da ya tare hanya da gudu, hawa da tsalle, ya taso ne a Faransa, a garuruwan Lisses da Évry da ke kudancin Paris, wajen ƙarshen shekarun 1980. David Belle, wanda aka fi danganta wasan da shi, ya ɗauki darasin ne daga mahaifinsa Raymond Belle, ɗan kwana-kwana a Paris. Shi kuma horon da uban ya samu yana da tushe a koyarwar Georges Hébert, jami'in sojan ruwa wanda ya taimaka wajen ceton mutane lokacin da dutse ya yi aman wuta a tsibirin Martinik a 1902, ya fito daga nan da aƙidar cewa mutum ya yi ƙarfi don ya amfani jama'a. Yau hukumar wasannin jimnastik ta duniya ta rungumi parkur, har an yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 2022. Na kawo wannan tarihi ne don ka sami abin faɗa wa iyaye: asalin abin horon ceton rai ne, ba burga a kan rufi ba.

Mataki na farko: izini, fili da lokaci

Kada ka busa usur kafin ka gaida mai unguwa, ko daraktan lakwal in a harabarsu za a yi. Daga nan ka bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya. Tambaya uku za ka yi wa kowane uba ko uwa: yaron yana da sikila? Yana da asma ko farfaɗiya? Ya taɓa karaya ko gocewar ƙashi? Mai sikila ba a korarsa daga wasa, amma sai likita ya yarda, kuma ba a barinsa ya yi gajiya mai tsanani ko ƙishirwa. Mai asma kuwa, ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ya zama alƙali ya huta.

Filin da ya fi dacewa shi ne mai yashi, shimfiɗaɗɗe, kamar mita 12 a kan mita 8, nesa da hanyar ƴan kabu-kabu, in da hali a ƙarƙashin inuwar dogon yaro. Yashin da ƙafa ke nutsewa a ciki har idon sawu bai yi ba, ƙasa mai tauri irin ta fako ita ma ba ta yi ba. Kafin kowane zama, yaran su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan suna tsince fasasshiyar kwalba, ƙusa, tsidau da ƙarangiya. Duk taya ko bulon da ya kwana a waje, kai da kanka za ka juya shi da sanda kafin hannun yaro ya kai gare shi, saboda kunama.

Lokaci kuwa rana ce ke yanke shi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka ko dai da sassafe, ko bayan la'asar sosai, a tashi kafin kiran magariba. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya wadatar, sau biyu ko uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a kullum, to ranar wasa an biya wannan bashi ko mafi yawansa. Ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, ka tanadi jarkar ruwan sha tun da safe, a ajiye a inuwa, a sha kafin a fara da kuma duk bayan minti 15. Da azumi a dakata wa masu azumi.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba sai ka kashe jikkuna ba. Tsofaffin tayoyin mota 6 zuwa 8 daga wurin masu faci, bulo 6, katako biyu masu tsawon mita 2 zuwa 3 da faɗin kamar santimita 15, benci biyu masu ƙarfi, igiya, toka ta zana layi, gwangwani biyu da tsakuwa.

Ka shafa kowace taya da tsumma. Inda tsumman ya maƙale, waya ce ta fito, a mayar da ita. Tayar da za a sauka a kanta a kwantar da ita, a cika cikinta da yashi a daddanne, don kada ƙafa ta faɗa rami ta murɗe. Wasu kuma a tsayar da su a binne rabinsu, su zama abin tsallakewa. Bulo a kwantar da shi ta faffaɗan gefe, a ɗan nutsar da shi cikin yashi, ka hau da nauyinka ka jijjiga. In ya motsa ko yana da tsaga, bai shiga wasa ba. Katako a cire masa ƙusoshi, a goge sartse, a ɗora kan bulo biyu a ɗaure. Doka ɗaya ta rufe wannan babi: a watan farko babu abin da tsayinsa zai wuce gwiwar mafi ƙanƙantar yaro.

Takalmi mai igiya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa shi ne daidai. Wanda ba shi da shi, gara ya yi ba takalmi a kan yashin da aka tsince da ya yi da silifas, don silifas ne ke zamewa a bakin taya. Takalmin ƙwallo mai haƙora ma a ajiye shi gefe.

Mataki na uku: ɗumama jiki

Minti 8 zuwa 10: sassarfa zagaye biyu, juya wuyan hannu, kafaɗa, ƙugu, gwiwa da idon sawu, sai langa. Ba ka da wani atisayen tsayuwa a ƙafa ɗaya da ya fi langar da yaran suka riga suka iya. A yi ta ba turereniya, a sauya ƙafa, don kowa yana da ƙafar da yake ɓoyewa.

Mataki na huɗu: sauka

A nan za ka daɗe, kuma kada ka ji kunyar daɗewa. Ko da makon farko gaba ɗaya ya tafi a kan wannan, ba a yi asara ba.

Ka tsaya gabansu ka nuna a ƙasa, ba a kan komai ba. Ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu. Ka yi ɗan tsalle, ka sauka a kan gaban tafin ƙafa, wato tudun nan da ke bayan yatsu, ba a kan diddige ba, ba kuma a kan ƙarshen yatsu ba. Da taɓa ƙasa gwiwoyi su lanƙwashe, ƙugu ya koma baya, hannuwa su miƙe gaba, ido na kallon inda aka sauka. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki ta nufi ƴar'uwarta. Kada kuma a zube har ɗuwawu ya taɓa diddige. Cinya ta tsaya kusan daidai da shimfiɗar ƙasa. Dalili shi ne, idan ƙafa ta sauka a sandare, nauyin duka yana wucewa kai tsaye zuwa gwiwa da gadon baya. Idan ta lanƙwashe, naman ƙafa da na cinya ne ke shanye shi a hankali.

Ba sai ka yi wa yaro ɗan shekara 8 wannan dogon bayani ba. Ka ce masa ya sauka yadda kyanwa ke dirowa daga katanga, ba a jin ta. Kunne shi ne ma'auninka: saukar da ta yi "dim" ba ta yi ba. Sai ka ƙara doka ta biyu, cewa bayan an sauka a daskare a wurin, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba ƙarin taku, ba tangaɗi.

Ka sa ido a kan ƙafa, ba fuska ba. Ka durƙusa gefen taya ka kalli abin da ke faruwa a daidai lokacin da yaro ya taɓa ta. Wanda ya iya, za ka ga gaban ƙafarsa ya kama bakin tayar, diddige na rataye kaɗan a iska, yatsu sun damƙe, yashin cikin tayar bai ko tashi ba. Wanda bai iya ba tukuna, tsakiyar tafin ne ke bugun bakin, ƙura ta tashi, hannuwansa su fara juyawa baya. Wannan ka mayar da shi layin toka a ƙasa ya yi sau 10, sannan ya dawo.

Daga ƙasa sai a koma saukowa daga kan bulo, sannan tsalle daga layi zuwa layi, sannan daga taya zuwa taya. Masu parkur suna auna tazara da tsawon tafin ƙafarsu, diddige na bin yatsa. Ka koya wa kowane yaro ya san adadinsa. Idan a ƙasa yana iya tsallen ƙafa 6, tsakanin tayoyi kada a ba shi fiye da 4.

Mataki na biyar: sauran motsi huɗu

Tafiya a kan katako. A fara da igiya shimfiɗe a ƙasa. Gwiwa a ɗan sake, hannuwa a buɗe, ido a ƙarshen katakon, ba a kan yatsu ba. Jiki yana tsayuwa ne da abu uku: ido, da wani sashe na cikin kunne mai gane karkata, da saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan yaro ya ƙware, sai a sa shi ya yi da baya, ko ya juya a tsakiya, ko ya rufe ido a kan igiyar ƙasa, don sauran biyun su koyi aiki.

Tafiyar biri. Hannu da ƙafa a ƙasa, gwiwa ba ta taɓa yashi, baya a shimfiɗe, hannun dama na tafiya tare da ƙafar hagu. Tana da gajiyarwa, mita 5 ta isa da farko, amma ita ce ke ƙarfafa wuyan hannu da kafaɗa.

Tsallake benci. Hannu ɗaya a kan benci, ƙafar ɗaya gefen ta hau kansa, ɗaya ƙafar ta ratsa ta tsakaninsu ta sauka. A yi da tafiya kafin a yi da gudu, dama da hagu, kai kuma kana danne bencin.

Mirgina. Wannan ba alkafura ba ce, kai ba ya taɓa ƙasa. Daga tsugune, hannuwa biyu a ƙasa, haɓa a manne wajen kafaɗar hagu, a bi ta bayan kafaɗar dama a gangaro a karkace zuwa ƙugun hagu, a tashi. A kan tabarma biyu ko yashi mai laushi kawai, yaro ɗaya a lokaci guda, kana tsugune kusa da shi. Idan kai kanka ba ka iya ta da kyau ba, ka bar ta. Wasan yana tafiya ba tare da ita ba.

Mataki na shida: wasan kansa

Ka zana layi biyu da toka a ƙarshen filin nan da can. Na farko shi ne gari, na biyu shi ne tudun-mun-tsira. Duk ƙasar da ke tsakani ambaliya ce. Ka jera hanyoyi biyu iri ɗaya: taya, taya, katako, bulo, benci, wani fili mai tsawon mita 3 da aka kewaye da toka inda ake tafiyar biri, sai taya ta ƙarshe. A raba yaran gida biyu, manya da ƙanana a gauraye, kowane gida da gwangwaninsa.

Yaro ɗaya daga kowane gida ke shiga, na gaba ba ya tashi sai na gabansa ya isa. A kan kowace taya da kowane bulo sai an daskare an ƙirga uku, ƴan gidansa ne ke ƙirga masa da babbar murya. Gefen kowace hanya akwai mai kunne, yaro daga ɗaya gidan, zaune ya juya baya. Idan ya ji ƙarar sauka ya ɗaga hannu. Duk saukar da aka daskare a kanta kuma mai kunne bai ɗaga hannu ba, tsakuwa ɗaya ta shiga gwangwani. Wanda ƙafarsa ta taɓa ambaliya ya koma tudun da ya baro ya sake. Idan kowa ya ƙetare, a zazzage gwangwanaye a ƙirga.

Ka lura, sauri ba ya kawo ko tsakuwa ɗaya, kuma ba a fitar da kowa. Da gangan ne. Ranar da ka ce wanda ya riga isa shi ya ci, duk abin da ka koyar game da sauka ya tafi, kowa zai riƙa faɗawa kan taya yadda ta zo. Fitar da wanda ya faɗi kuma zalunci ne, don shi ne ya fi kowa buƙatar maimaitawa, sai ga shi zaune a gefe yana kallon gwanaye. Zafin nama yana zuwa da kansa idan ƙafa ta san inda za ta sauka. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai dokar da nake so ka tsare fiye da kowace: yaro yana da ikon ya ce a'a. Zai tsaya a kan taya yana lilo da hannuwa, ya kalli ta gaba, ya kalle ka.

"Mushe, ta yi mini nisa."

"To, sauko ka jawo ta inda ka iya."

Ya jawo ta taku ɗaya, ya yi tsallensa, ya sami tsakuwarsa cikakkiya. Wanda ya kira shi matsoraci, gidansu ya rasa tsakuwa biyu. Yaron da ya auna tazara ya gane ta fi ƙarfinsa ya koyi abin da zai tsare masa ƙafa har girmansa, wanda aka tunzura da ihu kuwa shi ne ke tashi da rabin zuciya ya bugi ƙaurinsa a bakin bulo.

Mataki na bakwai: ƙara wa wasan gishiri

Bayan mako biyu ko uku za su haddace hanyar, sai ka sauya. Ka karkata tayoyin su daina bin layi ɗaya, don tsalle zuwa gefe ya fi na gaba wuya. Ka ba kowa moɗa cike da yashi ya ƙetare da ita kada ta zube. Ka yi zagayen da ake sauka a ƙafa ɗaya, a rage tazara zuwa rabi. Ka yi bi-sawu, inda na gaba ke zaɓar hanyarsa, na baya ya taka duk inda ya taka. Ko ka bar kowane gida ya jera wa ɗayan hanya, da sharaɗin mafi ƙanƙantar yaro a cikinsu ya fara gwada ta. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko nisa, ko tsayi, ko sauri, ba a haɗa biyu.

Wasan kamu shi ne na ƙarshe, bayan wata biyu, ga waɗanda saukarsu ta zauna. Yara biyu kaɗai a fili, kura da ɗan akuya, taɓawa da tafin hannu ba turawa, sakan 20 a busa usur. Ko a gasar World Chase Tag ta manyan ƙwararru, sakan 20 ne kowane zagaye, don gajiya na shiga ƙafa sai kuskure ya biyo. A wannan zagaye a cire bulo da katako, a bar tayoyi kawai.

Za su roƙe ka ka kai su kan duwatsu. Idan ka yarda, ka zaɓi ƙananan da ba su wuce ƙugun yaro ba, ka share yashin da ke kansu don shi ke sa santsi, a yi hawa da tafiya, ba dira ba. Rufin gida, katangar laka, bakin rijiya da tsofaffin gine-ginen Birni babu su a cikin wasan nan ko kaɗan. Laka tana marmashewa a hannu, musamman bayan damina, gidajen kuma na mutane ne masu haƙƙi. Ka faɗa musu tun ranar farko cewa wanda aka gani a kan katangar wani ya yi hutun mako guda.

Ƴan mata ma nasu ne. A ware musu lokacinsu cikin harabar lakwal ko babban gida, da malama ko wata yaya da iyaye suka amince da ita, a sa dogon wando da hijabin da ba zai kai ga ƙafa ya harɗe ta ba. Dokokin duka ɗaya ne.

Idan an ji ciwo

Ƙujewa za a yi ta, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe. Targaɗe kuwa, yaro ya zauna, a ɗaga ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20. Kada a ja, kada a murza, kada wani ya ce bari ya gyara. Idan ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko gaɓar ta sauya kama, asibiti za a nufa. Wanda kansa ya bugu ya gama wasan ranar ko da ya ce lafiyarsa lau, idan kuma aka ga amai, jiri, ruɗewa ko barcin da ba na lokacinsa ba, a tafi asibiti nan take. Wanda ƙusa ta soka a kai shi a duba maganar allurar tetanus. Kai da ƙafarka za ka raka yaro gida ka yi wa iyayensa bayani, kada su ji a bakin yara.

Minti 5 na ƙarshe na miƙe gaɓoɓi ne da kwashe kaya. Katako da benci su shiga ɗaki, bulo a tara su wuri ɗaya. Tayoyin da ba a binne ba a huda su ta gefe ko a jera su ƙarƙashin rumfa, domin da damina ruwa na kwanciya a cikinsu sauro ya hayayyafa. Ranar da aka yi ruwan sama kuma a jira katako da tayoyi su bushe sarai; in ba su bushe ba, a yi wasan ranar da layin toka a ƙasa.